Filin Tambaya da Amsa: Na'urar Sayar da Lemo da Kuɗin Gwangwani

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan Zangon Kumasi ne, neman abinci ya kawo ni Hamburg a ƙasar Jamus, ina aikin lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Na tara ɗan abin da Allah ya hore, ina so in sayi na'urorin sayar da lemo guda uku na hannu, irin waɗanda mutum zai jefa kuɗi gwangwani ya faɗo. Ɗaya zan ajiye a siton da nake aiki, maigidanmu ya yarda. Ɗaya a wani shagon wanki da inji, ɗaya kuma a bakin titi, jikin shagon askin wani abokina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne senti 25 ɗin nan na Pfand, wato kuɗin ajiyar mazubi, da ke kan kowane gwangwani da gorar roba. Na'urar dai ba ta karɓar fanko. To dole ne ni in karɓa? Kuma kuɗin nan riba ce gare ni ko asara? Sannan wani ya ce zai riƙa kawo mini lemon gwangwani daga Polan da araha, babu Pfand a kansa. Ni ma ina da sha'awar sa Malta irin ta gida, domin 'yan'uwa da yawa suna nemanta. Malam, a ba ni shawara.

Ɗan'uwanka a Hamburg

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a niyyar. Kada ka biya kuɗin na'ura ko ɗaya sai ka san inda wanda ya sha lemonka zai kai gwangwanin ya karɓi kuɗinsa, kuma ka san shi a rubuce. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan maganar ne.

Ka tuna a gida, lokacin da lemon kwalba ke tashe, idan baƙo ya zo aka aike ka shago, mai shago zai ce ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗin kwalba, in ka dawo da ita ya mayar maka. Pfand ke nan. Bambancin kawai, a gida amana ce tsakaninka da mai shagon unguwarku, a Jamus kuwa doka ce, kuma ba lallai sai inda ka saya za ka mayar ba.

An fara shi a kan gwangwani da gorar da ake sha a yar ranar 1 ga Janairun 2003, lokacin Jürgen Trittin yana ministan muhalli. Shekarun farko rikici aka sha. Kowane kanti nasa kawai yake karɓa, mutane na yawo da rasit a aljihu, wasu manyan kantuna ma suka kwashe gwangwani daga kantocinsu gaba ɗaya don su huta. Sai a watan Mayun 2006 aka haɗe tsarin ya zama ɗaya a duk ƙasar, ƙarƙashin kamfanin da ake kira DPG, mai tambarin nan na kwalba da gwangwani da kibiya da kake gani a jikin gwangwani da gorar da ake sha a yar. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta fara a 2019, an kuma faɗaɗa ta sau biyu: daga Janairun 2022 ruwan 'ya'yan itace na gorar roba da kowane irin abin sha na gwangwani suka shiga, daga Janairun 2024 kuma madara da danginta da ke cikin gorar roba suka bi sahu. Na kawo shekarun ne da gangan. Idan wani tsohon hannu a harkar ya ce maka lemon 'ya'yan itace ba shi da Pfand, to labarinsa a 2021 ya tsaya. Abin da ya rage a waje cikin kayan da za su shiga na'urarka kaɗan ne: abin sha na kwali, da na 'yar jakar leda mai tsinke irin Capri-Sun, da duk abin da bai kai lita 0.1 ba ko ya haura lita 3.

Yanzu ga tambayarka ta ko dole ne ka karɓa. Dokar ba ta manta da ku ba, jimla guda ta ware wa masu na'ura. Ma'anarta ita ce wanda ke sayarwa ta na'ura shi ne zai tabbatar akwai wurin mayar da fanko a tazarar da ba za ta wahalar da mai saye ba. Ba ta ce sai kai da hannunka za ka tsaya kana ƙirga gwangwani ba, ba ta kuma faɗi mita nawa ne tazarar ba. Amma nauyin a wuyanka yake, ba a wuyan mai shagon aski ko mai sito ba. Saboda haka wurarenka uku ba ɗaya ba ne, kowanne da nasa hali.

Na bakin titi shi ne mai wuya, don haka da shi zan fara. Ka tsaya a inda za a ajiye na'urar ka duba hagu da dama. Idan akwai babban kanti da ake iya takawa da ƙafa, ka yi sa'a, domin babban kanti da ke sayar da gwangwani dole ya karɓi kowane gwangwani mai tambari, ko na wane kamfani ne, ko a ina aka saye shi. Haka mai sayar da gorar roba. Abin lura shi ne ana bin jinsin mazubin ne: kantin da ba ya sayar da gwangwani sam ba a tilasta masa karɓar gwangwani ba. Idan kuwa ƙaramin shago ne kawai a kusa, irin na jarida da taba, to a nan tarkon yake. Shagon da filin cinikinsa bai kai murabba'in mita 200 ba yana da ikon ya ce irin lemon da yake sayarwa kawai zai karɓa. Ka sa wani lemo da shi ba ya ajiyewa, mai saye ya kai masa fanko, ya girgiza kai, kuma yana kan gaskiyarsa. Mutumin zai dawo ya tsaya gaban na'urarka, lambar wayarka ce a jiki. Shawarata, ka je wurin mai shagon da kanka, ku sha shayi, ku yi magana ta fahimta, ku rubuta 'yar takarda cewa zai karɓi fankon kayanka, sannan ka manna sanarwa a jikin gilashin na'urar da sunan wurin da lokutan buɗewarsa. Na'ura na aiki dare da rana, shago kuwa yana rufewa, ranar Lahadi ma kusan duk kantunan Jamus a kulle suke. Ka rubuta lokacin don kada wani ya ce ka yaudare shi.

Na sito ya fi sauƙi, kuma a nan nake ganin ribarka ta fi kusa. Mutanen sanannu ne, a wurin suke sha, a wurin suke ajiye fanko. A masana'antu da yawa za ka tarar na'urar tana sayar da kwalabe ko gorunan da ake wankewa a sake cikawa, a gefenta an jera kiret. Waɗannan tsarinsu daban: ba doka ce ta yanke kuɗinsu ba, al'adar kasuwa ce, senti 15 a kan yawancin kwalaben ruwa da lemo, yuro 1.50 a kan kiret, kuma wanda ke sayar da irinsu ne kawai ke karɓarsu. Dilan da ya kawo maka cikakku shi zai kwashe fanko. Sai dai suna da nauyi, kuma na'urar da ke sako kaya daga sama ƙasa ba ta shiri da gilashi, sai mai ɗan lif ɗin nan da ke sauko da kwalba a hankali. Ka duba wannan kafin ka saya, tunda na hannu ka ce. Kuma kiret a buɗe gwaji ne ga zuciyar ɗan Adam. Kwalba goma kuɗin burodi ce, wani zai zuba a jaka ya wuce ba tare da ya ɗauki kansa ɓarawo ba. Akwai ƙananan na'urorin karɓar fanko da ke mayar da tsabar kuɗi, amma tsadarsu da gyaransu sun fi ƙarfin mai na'ura uku. Manyan da kake gani a bakin kantuna, irin na kamfanin TOMRA na ƙasar Norway, waɗannan ma kada ka kai tunaninka can.

Shagon wanki yana tsakiya. Mutane na zaune suna jiran kaya, za su sha su bar gwangwani a kan benci. Idan babu ma'aikaci a wurin, ka bi da shi kamar na bakin titi.

Sai batun riba ko asara, kuma a nan nake so ka ɗauko biro. A takarda, kuɗin nan wucewa kawai yake yi ta hannunka. Kamfanin da ya cika lemon ya karɓi senti 25 daga dila, dila ya karɓa daga gare ka, kai ka karɓa daga mai saye, mai saye ya karɓa daga duk kantin da ya kai wa fanko, kantin kuma ya nemi kuɗinsa daga kamfanin ta hanyar lissafin da na'urorin karɓa ko cibiyoyin ƙirga ke tattarawa. Gwangwanin da aka jefa a shara bai dawo ba, kuɗinsa a hannun kamfanin yake kwana, ba a hannunka ba. Ba su da yawa ma, domin fiye da kashi 95 cikin ɗari suna dawowa. Wanda mai shi ya yi wa ƙyuya, masu tsintar kwalabe na nan suna jiransa, shi ya sa za ka ga Jamusawa suna ajiye fanko a gefen kwandon shara maimakon ciki.

A aikace kuwa akwai ɗigo. Na farko jari ne da ke kwance. Katan mai gwangwani 24, Pfand ɗinsa yuro 6. Na'urar da ke cin gwangwani 300 ta haɗiye yuro 75 kafin a sayi ko ɗaya. Ka ninka sau uku, ka ƙara katan arba'in a ɗakin ajiya, wato wasu yuro 240. Kuɗin ba su ɓata ba, amma ba za ka iya juya su ba, kuma mai fara sana'a da ɗan abin da ya tara daga aikin lodi yana jin irin wannan a jikinsa.

Na biyu shi ne wanda masu sayar maka da na'ura ba za su faɗa maka ba. Doka ta ce senti 25 da mai saye ke bayarwa har da harajin VAT a ciki. Amma a harkar sari an saba rubuta senti 25 ɗin tsurarsa, sannan a ɗora masa kashi 19 cikin ɗari a ƙasan rasit. Ka ɗauko rasit ɗin dilanka ka duba layin da kanka. In haka ne, senti 29.75 ke fita daga aljihunka a kan kowane gwangwani. Idan kana cikin tsarin VAT, harajin da ka biya za ka zare shi a lissafi, to amma daga cikin senti 25 da mai saye ya zuba, kusan 4 na ofishin haraji ne. Ka biya 25, ka riƙe 21. Babban kanti bai damu ba, domin fanko na dawo masa, lissafin ya juye ya cike giɓin. Kai naka ba su dawowa, wani kantin suke zuwa. Gwangwani dubu a wata, yuro 40 ke nan sun sulale ba tare da ka ga ɓarawo ba. Idan kuma ka zaɓi rajistar ƙaramin ɗan kasuwa wanda ba ya karɓar VAT, ba ka da abin zarewa, giɓin ya zama senti 4.75. Maganinsa ba wuya: ka sa shi cikin farashin lemon tun farko, ka kuma kai wa mai duba maka lissafin haraji rasit ɗin sari na farko kafin ka manna farashi.

Na uku ƙanana ne amma suna cizo. Kamfanin da ke karɓa maka kuɗi ta kati yana cire kasonsa daga jimillar da aka biya, har da Pfand ɗin da ba naka ba. Ga kuma canji. Lemon yuro 1.50 ya koma 1.75, na'ura na buƙatar 'yan senti 5 da 20 a cikinta kullum, in suka ƙare sai ta ƙi ciniki ko ta cinye wa mutum canji. Wasu kan daidaita farashin yadda jimillar za ta tsaya a kan yuro 2 cif. Ba laifi, amma dokar bayyana farashi ta ce a rubuta Pfand daban, kada a cusa shi cikin farashin kaya, kotun Tarayyar Turai ma ta tabbatar da wannan fahimtar a 2023. Ka rubuta 1.75, a gefensa ƙarin 0.25, ba 2.00 kawai ba.

Ni a ganina Ostiriya ta fi yi wa masu na'ura adalci. Da ta fara nata tsarin a Janairun 2025, shi ma senti 25, sai ta ɗauke musu nauyin karɓa, ta ce su biya wani ɗan kuɗi a kan kowane mazubi a madadin wahalar da wasu ke ɗauka dominsu. Kowa ya san abin da ke kansa. A Jamus an bar ka da kalmar tazara mai sauƙi kana auna ta da ido.

Mai kawo maka lemon Polan kuwa, ka gode masa ka sallame shi. Araha ba ta ado. Sayar da gwangwani marar tambarin DPG ga mai sha a cikin Jamus karya doka ne, tararsa kuma tana iya cinye na'urorin uku har da ƙari. Na san za ka ce ai kana gani a wasu shagunan gasasshen nama ana miƙa wa mutane. Ana yi. Amma mai shago yana iya tura katan ƙarƙashin tebur idan ya hango baƙuwar fuska. Na'urarka tana tsaye a bakin titi da fitila a ciki, kayan a jere bayan gilashi, sunanka da lambarka a jiki. Jami'in hukuma, ko ƙungiyar kare muhalli da ke sayen gwaji, ko abokin gasa da ke jin haushinka, hoto ɗaya ya ishe shi.

Malta ta gida ita ce ta fi ba ni tausayi, domin kasuwarta na nan, Hamburg cike take da 'yan Gana. Dokar ba ta hana ba, sai dai duk wanda ya shigo da abin sha ƙasar da kansa, shi doka ke ɗauka a matsayin kamfanin da ya fara sa shi a kasuwa. Sai ya yi rajista a kundin LUCID, wato rajistar hukuma ta masu sa kaya cikin mazubi a kasuwar Jamus, ya shiga tsarin DPG, ya sa wa kowane gwangwani tambarin da ake bugawa da tawada ta musamman tare da lambar da na'urorin karɓa za su gane, ya kuma shirya biyan duk kantin da ya karɓi fankonsa. Wannan aikin mai kwantena ne, ba na mai katan ashirin ba. Ka nemi dilan kayan Afirka da ya riga ya yi wannan wahalar. Idan ya kawo, ka zaro gwangwani ɗaya daga tsakiyar katan, ba na sama ba, ka juya shi ka ga tambarin, sannan ka shanye ka kai fankon na'urar babban kanti. In ta karɓa ta ba ka 'yar takardar senti 25, saya. In ta turo shi waje, mayar masa da kayansa.

Tambaya:

Salam Malam. Maigidana yana da garejin gyaran mota a kusa da Detroit, a jihar Michigan ta Amurka. Wani mutum ya ajiye na'urar lemo a ɗakin jiran kwastomomi, yana ba shi ɗan kaso duk wata. Kwanan nan wani ya zo da buhun gwangwani ya ce sai an biya shi. Maigidan ya ce ai na'urar ba tasa ba ce. Wa ke da gaskiya?

'Yar'uwarka a Michigan

Amsa:

Hajiya, ki yi haƙuri, a wannan karon mai buhu ya fi maigida kusa da gaskiya. Jihohi goma ne a Amurka ke da irin wannan doka, Oregon ce ta fara a 1971, kowace kuma da nata salon. Ta Michigan, wadda jama'a suka jefa wa ƙuri'a a 1976 ta fara aiki a 1978, senti 10 ce a kan lemo mai gas da giya, ba ta shafi ruwan sha zalla ko ruwan 'ya'yan itace ba. Ta lissafa mai na'ura cikin dillalai, sannan ta fayyace cewa mai na'ura ya haɗa da wanda ya mallake ta, da wanda ke cika ta, da mai wurin da aka ajiye ta ko mai hayarsa, dukansu daidai. Maigida yana cikin na uku. Dillalin da ke sayar da abin da ake tafiya da shi kuma sai ya tanadi wurin mayar da fanko a harabarsa ko cikin yadi 100 daga wurin, ya biya da tsabar kuɗi, ko da ba a wurinsa mutum ya saya ba.

Amma ba duk buhun ne ya hau kansa ba. Iri da girma da sunan lemon da na'urar ke sayarwa kawai ya wajaba ya karɓa, masu alamar Michigan a jiki, kuma ba a tilasta masa biyan mutum ɗaya fiye da dala 25 a rana ba. Ya kira mai na'urar su rubuta a yarjejeniyarsu wa zai ajiye kwandon fanko, wa zai bar kuɗin biya a aljihun tebur, wa zai kwashe. Ya kuma leƙa saman gwangwanayen da ake cika na'urar da su. Ohio na nan kusa, ba ta da wannan doka, lemonta ya fi araha a mota, kuma idan irinsa ake zubawa a na'urar da ke cikin garejinsa, har da shi za a tambaya.